Jagora ga mai riƙe da aikin raya ƙasa a Damagaram: daga karɓar aiki zuwa miƙa shi

Da yawa daga cikin masu jagorantar ayyukan raya ƙasa a jihar Damagaram ba a aji suka koyi wannan sana'a ba. Jiya mutum yana kan babur yana zagaya ƙauyuka yana faɗakar da jama'a, ko yana duba gini, ko yana haɗa rahoto a biro. Yau an kira shi an danƙa masa kasafin kuɗi da ma'aikata da mota da wa'adi, an ce ga aiki nan, Allah ya taimaka. Don irin wannan mutum na rubuta jagorar nan, ko a ƙungiya mai zaman kanta yake, ko a ma'aikatar gwamnati, ko a kamfanin gini. Zan riƙa cewa "ka", amma maganar ta maza da mata ce, don ƴan'uwanmu mata da ke riƙe da irin wannan kujera suna ƙaruwa.

Abubuwa uku ne a hannunka: abin da ke rubuce a takarda, abin da ke tsaye a fili, da abin da aka faɗa wa mutanen gari. Aiki yana lalacewa ne sa'ad da waɗannan uku suka rabu, takarda tana cewa an gama, fili yana cewa da saura, mutanen gari kuma suna jiran wani abu dabam da wani ya yi musu alkawarinsa a gindin bishiya. Babban aikinka shi ne ka riƙa haɗa su kowane mako.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: a ce an ba ka aikin samar da ruwa a wani ƙauye na yankin Mirya, wato rijiyar burtsatse, famfo mai aiki da hasken rana, shato (tankin ruwa na sama), da kawunan famfo a unguwanni. Duk ɗan Damagaram ya san nauyin maganar ruwa. Birnin kansa a kan dutse yake zaune, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake janyo masa ruwa, kuma ƙarancin ruwan yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926.

Mataki na farko: karanta abin da aka sa wa hannu

Kafin ka taka ƙauye ko ɗaya, ka keɓe kwana biyu ko uku ka karanta takardu huɗu: yarjejeniyar da aka ƙulla da masu ba da kuɗi, kasafin kuɗi layi bayan layi, ƙa'idojinsu na saye da na rahoto, sai jadawalin manufa, wanda ake kira kadar lojik a biro. Ka karanta da alƙalami a hannu. Duk ranar da aka ambata, ta rahoto ce, ta binciken kuɗi ce, ta rufe aiki ce, ka kwafe ta zuwa kalandarka nan take.

Shi wannan jadawali an ƙirƙiro shi ne a 1969 domin hukumar Amurka mai ba da taimakon raya ƙasashe, daga baya Jamusawa da Tarayyar Turai da sauran masu tallafi suka ɗauke shi. Daga ƙasa zuwa sama yana faɗin ayyukan da za a yi, sakamakon da za su haifar, manufar da ake son cimmawa, da babban burin da ke bayanta. Daga hagu zuwa dama kuma yana faɗin ma'aunin da za a gane an yi nasara, inda za a samo shaida, da abubuwan da aka ɗauka za su tafi daidai ba tare da suna hannunka ba.

Wannan sashe na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowane muhimmanci. A aikinmu na ruwa za ka iya tarar da an rubuta a can cewa "za a samu isasshen ruwa a ƙarƙashin ƙasa". A yankin da dutse ya yi yawa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ana haƙa rijiya ta fito busasshiya. To, wa zai biya haƙa ta biyu? Akwai kuɗinta a kasafi? Kwangilar mai haƙa ta ce a biya shi ko bai samu ruwa ba, ko sai ya samu? Idan ba ka san amsar waɗannan tambayoyi a makon farko ba, za ka neme ta a ranar da injin haƙa ke tsaye, direbansa yana jiran ka ce masa wani abu.

Ka duba ma'aunan ma da kyau. "An inganta samun ruwa" ba ma'auni ba ne, don babu mai iya ƙirga shi. "Gida nawa ne ke ɗebo ruwa mai tsabta cikin minti 30, zuwa da layi da dawowa" ma'auni ne, kuma shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke amfani da shi. In ka ga ma'aunin da ba zai aunu ba, ka rubuta wa masu ba da kuɗi tun yanzu ku gyara shi tare.

Bayan haka ka taƙaita aikin gaba ɗaya a shafi guda: me za a yi, a ina, don wa, da nawa, zuwa yaushe, da kuma abin da ba ya cikin aikin. Ka rubuta shi da Faransanci, ka sake rubuta shi da Hausa. Wannan shafi za ka riƙa karanta wa kowa.

Mataki na biyu: gaisuwa, fili, da kiyaye baki

A ƙasarmu ba a shiga gari ta bayan gida. Ka fara da hukumomin mulki na jiha da na gunduma, sannan shugaban ƙaramar hukuma, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, sannan sarki ko hakimin yankin, sannan mai gari. Ka je wurin ma'aikatar ruwa ta gundumar tun ba ka buƙaci sa hannunsu ba, domin su ne za su tsaya a ranar karɓar aiki, kuma su ne za su rage bayan ka tafi. Ka nemi kundin tsarin raya ƙaramar hukumar ka ga ko aikinka yana ciki. In ba ya ciki, ka san cewa da wuya hukumar ta ware masa ko dala na gyara.

A ƙauyen, zaman da za ka yi da dattawa a ƙofar mai gari bai isa ba. Mata da yara ne ke ɗebo ruwa, don haka su za a tambaya inda ya dace a kafa kawunan famfo, kuma a tambaye su a zama nasu na dabam, da ma'aikaciya mace. Ka tambayi makiyaya, Fulani ne ko Buzaye, ko da ba a garin suke kwana ba, don in akwai burtali kusa, dabbobi za su zo wa ruwan ko ka shirya musu ko ba ka shirya ba. Gara ka san da su tun a zane, a ware musu kwamin sha nesa da inda mata ke tsayawa.

Maganar fili kuwa, kada ka yarda da "ai na ba ku" na baki, komai girman wanda ya faɗa. Tun da aka kafa dokar tsarin karkara a 1993, akwai kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye, waɗanda ake kira COFO. Ka sa su auna wurin, a rubuta takardar kyauta ko ta saye, magada su sa hannu, shaidu su sa hannu. Dattijon da ya ba da fili da zuciya ɗaya zai iya rasuwa, ɗansa da ke ci-rani ya dawo ya ce gonar gado ce.

Sai kiyaye baki. A zaman ƙauye wani zai tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, makarantarmu ma ba ta da ruwa." Kai kuma don kunya ka ce, "To, za mu duba." A kunnen jama'a ka riga ka yi alkawari. In abu ba ya cikin aikin, ka faɗa da ladabi a wurin: "Baba, wannan ba ya cikin abin da aka ba mu, ba na so in ce muku abin da ba zan iya cikawa ba." Ka koya wa duk ma'aikatanka wannan amsa, har da direba. A ƙarshen kowane zama a rubuta abin da aka amince da shi, a karanta da Hausa a gaban kowa, mai gari ya riƙe kwafi.

Mataki na uku: tsaga aikin, ka ɗora shi a kan kalandar ƙasar nan

Ka ɗauki kowane sakamako ka yi ta tsaga shi har ka kai ga guntun aikin da mutum ɗaya zai ɗauka, ka san kwanakin da zai ci da kuɗin da zai ci. "Samar da ruwa" ba a ba mutum. "Gwajin yawan ruwan rijiya" ana ba mutum. Ka yi wannan tsagawa tare da ma'aikatanka da takardu manne a bango, don wanda ya saba da fili zai tuna da abin da kai ka manta, kamar ruwan da masu gini za su yi kwaɓi da shi a garin da ba shi da ruwa.

Daga nan ka jera su a jadawalin Gantt, wanda ya samo sunansa daga Henry Gantt, injiniya Ba'amurke na farkon ƙarni na 20: ayyuka a gefe, makonni a sama, kowane aiki da zanensa. Excel ya isa. Abin da ya fi zanen amfani shi ne gano jerin ayyukan da kowanne ke jiran na gabansa, wanda in ɗaya ya makara duk aikin ya makara. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1950. A misalinmu, a ce binciken ƙarƙashin ƙasa mako 2, haƙa mako 3, gwajin yawan ruwa da ingancinsa mako 2, odar famfo da farantan hasken rana mako 8, kafawa da haɗa bututu mako 3. Mako 18 ke nan, kuma ba ka da hanyar gajarta shi da sayen famfo tun farko, domin sai an san zurfin ruwa da yawan da rijiya ke bayarwa a awa kafin a san famfon da ya dace da ita. Horar da kwamiti kuwa yana da sarari, in ya makara mako biyu ba abin da zai taɓa. Don haka kowace safiya idonka ya fara sauka a kan wancan jeri.

Yanzu ka ɗauko kalandar da babu ita a kwamfuta. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce: kowa yana gona, babbar mota tana maƙalewa a hanyar ƙauye, kuma a wannan lokaci ne rumbu ke yin ƙasa, don haka neman gudummawar kuɗi daga talakawa a watan Agusta rashin tausayi ne. Oktoba girbi. Bayan girbi akwai ɗan kuɗi a hannu, shi ne lokacin tara gudummawa, amma kuma shi ne lokacin da samari ke tafiya ci-rani, sai ka nemi masu haƙa ramin bututu ka rasa. Afrilu da Mayu zafi ne mai tsanani, kankaren da aka zuba yana bushewa da wuri ya tsage in ba a yi ta ba shi ruwa an rufe shi ba, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, ka duba inda zai faɗo. Kada ka kira taro ranar kasuwar yankin. A cikin birni ma, wanda ya san Alhamis a kasuwar Dole ba ya sa zama da ƴan kasuwa a ranar.

Mataki na huɗu: kuɗi da saye

Kuɗi ba aikin kwantabul kaɗai ba ne. Shi yana rubuta abin da aka kashe, kai ne za ka san ko abin da aka kashe ya yi daidai da abin da aka yi. Kowane ƙarshen wata ku zauna ku biyu ku cika ginshiƙi huɗu a kan kowane layi na kasafi: abin da aka ware, abin da aka biya, abin da aka riga aka yi odarsa ko kwangilarsa amma ba a biya ba tukuna, da abin da ya rage. Ginshiƙi na uku shi ke yaudarar sababbin shugabanni, sai mutum ya ga kuɗi a asusu ya ɗauka nasa ne, alhali na mai siminti ne.

Sannan ka gwama kuɗi da fili. A ce kasafinka miliyan 40 ne na sefa, an kashe miliyan 24, wato kashi 60 cikin ɗari, amma aikin da ke tsaye bai wuce kashi 35 ba. Ko dai an biya kuɗin somin aiki mai yawa, ko farashi ya tashi, ko akwai inda kuɗi ke zurarewa. Ko wanne ne, a watan nan ya kamata ka sani.

Ka san kuɗin da aka ƙulla yarjejeniya da shi. In yuro ne, hankalinka a kwance, don yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. In dalar Amurka ce, abin da zai shigo asusunka zai riƙa hawa da sauka. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: kaya da yawa na kasuwannin Damagaram daga Kano suke zuwa, don haka farashinsu yana bin naira da halin da iyaka ke ciki. Wanda ya riƙe aikin gini lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ko lokacin takunkumin 2023, ya ga yadda lissafin wata uku ke rushewa cikin mako ɗaya. Ka bar wani kaso na ko-ta-kwana in ƙa'ida ta yarda, ka kuma sayi kayan da ke kan jerin nan mai muhimmanci da wuri. Ka bincika tun farko ko an yafe wa aikinka harajin TVA, wanda yake kashi 19 cikin ɗari, don in ka ɗauka an yafe alhali ba a yafe ba, giɓin ba ƙarami ba ne.

Wajen saye, ka bi ƙa'ida ko da tana cin lokaci: farashi daga ƴan kasuwa aƙalla uku, kowanne da lambar harajinsa da rajistar kasuwancinsa, kwamiti ya buɗe tare, a rubuta dalilin zaɓi. Mai neman a saya, mai amincewa, da mai biya kada su zama mutum ɗaya. A nan ne zumunci ke gwada mutum. Damagaram gari ne da kowa ya san kowa, kawunka ko surukinka zai iya kasancewa cikin masu neman kwangilar, kuma wataƙila shi ya fi kowa iya aikin. Ba laifi ya nema. Kai dai ka rubuta wa shugabanka cewa ɗan'uwanka ne, ka fita daga kwamitin, ka bar wasu su yanke. In ya zo gida da daddare, ka ce masa, "Kawu, hannuna ba ya ciki, kuma hakan ya fi mana alheri mu duka." Ranar da mai binciken kuɗi ya zo, wannan takarda ce za ta tsare mutuncinku.

Ɗan kwangila kuma kada a ba shi kuɗin somin aiki sai da takardar lamuni ta banki. Sauran biyan ya bi abin da aka auna a fili. A riƙe wani kaso na kuɗinsa har zuwa karɓar aiki ta ƙarshe, wadda galibi takan zo shekara guda bayan karɓa ta wucin gadi, domin damina ɗaya da bazara ɗaya su ne ke tona asirin gini.

Mataki na biyar: je ka gani

Gani ya kori ji. Hoton WhatsApp yana nuna abin da mai ɗaukarsa ya so ka gani. Ka riƙa zuwa fili a kai a kai, wani lokaci ba tare da sanarwa ba, da awo a aljihunka. Ka sa awon a ramin bututu ka ga ko ya kai zurfin da ke cikin kwangila. Ka ɗaga bulo ɗaya ka murza gefensa da babban yatsa, in yashi na zuba siminti bai isa ba. Ka ƙirga buhunan da ke sito ka gwama da littafi. Ka duba kaurin ƙarfe kafin a zuba kankare, don da zarar an zuba babu mai sake ganinsa. Ka karanta lambar da ke jikin famfo ka gwama da wadda ke kan takardar saye.

A ajiye littafi a wurin aikin, duk wanda ya zo dubawa ya rubuta abin da ya gani da umarnin da ya bayar, ɗan kwangila ya sa hannu. Don tattara bayanai daga gidaje, manhajar KoboToolbox tana aiki a waya ko babu intanet, tana ɗaukar hoto da wurin da aka ɗauke shi, sai an samu layi ta tura.

Ka buɗe wa jama'a ƙofar kuka. Ƙa'idar ayyukan jinƙai ta duniya da aka fitar a 2014 ta sa wannan cikin alkawuranta tara. Akwatin ƙorafi ba ya amfanar wanda bai iya rubutu ba, don haka a ba da lambar waya, a kuma zaɓi mace amintacciya da mata za su iya faɗa wa abin da ba za su faɗa a taro ba. Duk kukan da ya zo a rubuta shi, a mayar da amsa.

Mataki na shida: matsala, canji, da mutanenka

Ka riƙe jeri gajere na abubuwan da za su iya ɓata aikin, kowanne da wanda ke sa masa ido da abin da za a yi in ya faru. Guda goma da ake dubawa kowane wata sun fi hamsin da aka rubuta aka rufe. In matsala ta auku, ka sanar da shugabanka da masu ba da kuɗi da wuri, ka zo da hanyoyi biyu ko uku na mafita da kuɗin kowacce. In za ka nemi ƙarin lokaci ko sauya layin kasafi, ka nema a rubuce kafin ka aiwatar, kuma kafin wa'adi ya ƙure, don yarjejeniyoyi da yawa ba sa karɓar irin wannan buƙata a kwanakin ƙarshe.

Da ma'aikatanka, zaman safiyar Litinin na ƙasa da awa ɗaya ya wadatar: me aka yi, me ya tsaya, wa zai yi me zuwa yaushe. Za ka iya samun wanda ya girme ka a ƙarƙashinka. Ka ba shi girmansa a gaban mutane, ka nemi shawararsa da gaske, in gyara ya kama ka yi masa ku biyu a ɗaki. Kuɗin tafiyar ma'aikatan fili kada ya makara, don da shi suke zuba mai a babur.

Mataki na bakwai: miƙa aiki

Tun ranar farko ake shirya wannan. Wa zai tara kuɗin ruwa, nawa ne jarka, ina za a ajiye kuɗin, wa ke da ikon cirewa, wane makaniki ne zai zo in famfo ya tsaya, a wane shago na Damagaram ake samun kayan gyaransa? A kafa kwamiti ko a ɗauki mai gudanarwa bisa tsarin ma'aikatar ruwa tun ana haƙa, don su ga yadda aka haɗa komai. A ranar miƙawa, ƙaramar hukuma da ma'aikatar ruwa da kwamiti kowa ya karɓi kwafin zanen bututu, bayanan rijiya, sakamakon gwajin ruwa da takardun garanti. Masu tantance aiki za su auna ka da ma'aunai shida na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da raya ƙasa, ciki har da ɗorewa, kuma ita ɗorewar nan a kan waɗannan tambayoyi take tsaye.

Mataki na takwas: gina kanka

Wannan mataki yana tafiya ne tare da duk sauran. Ka sayi littafi na musamman, kowace Juma'a ka rubuta shawarar da ka yanke a makon, dalilinka, da abin da kake tsammanin zai biyo baya. Bayan wata uku ka koma ka karanta. Nan za ka ga ko kai mai gajarta kwanaki ne a lissafi, ko mai jinkirin faɗin labari mara daɗi, kuma babu horon da zai nuna maka halinka kamar haka.

Ka nemi wanda ya riga ka a sana'ar, ko a wata ƙungiya yake. Ka je masa da tambaya takamaimiya da takarda a hannu: "Yaya, ga jadawalina, ina kake ganin zai karye?" Irin wannan tambaya tana samun amsa mai amfani. Kai ma ka jawo wani na ƙasa da kai ka riƙa ba shi jagorancin zama da rubuta rahoto.

Wajen karatu, ga jerin da nake ba da shawara a kai. Ka fara da Excel har ka iya haɗa kasafi da jadawali ba tare da neman taimako ba, sannan rubutun rahoto da Faransanci mai tsabta, gajere, mai lambobi. Turancin Ingilishi yana buɗe ƙofofi da yawa, kuma mu da muke maƙwabtaka da Kano da Daura ba mu rasa wanda za mu gwada shi da shi. A intanet, dandalin Kaya da na DisasterReady suna da darussa kyauta da Faransanci a kan tsara aiki, kuɗi da bibiya.

Takardar shaidar da ta fi dacewa da mai aikin raya ƙasa a farko ita ce Project DPro, wadda a da ake kira PMD Pro. Ƙungiyar PM4NGOs ce ke kula da ita, littafinta kyauta ne, akwai shi da Faransanci, misalansa na irin ayyukanmu ne, kuma kuɗin jarrabawarta bai kai na PMP ko kusa ba. Ita PMP ta cibiyar PMI ce, wadda aka kafa a Amurka a 1969, ta fara ba da wannan shaida a 1984. Tana buƙatar awa 35 na horo, da wata 36 na jagorantar ayyuka ga mai digiri na shekara huɗu, ko wata 60 ga mai takardar kammala sakandare, kuma bayan an samu sai an tara maki 60 na ƙarin ilimi duk shekara uku kafin a sabunta ta. Da yake lisansinmu na tsarin LMD (lisansi, masta, dokta) shekara uku ne, ka duba shafin cibiyar ka ga rukunin da takardarka ta faɗa da sharuɗɗan da ake kai yanzu kafin ka biya ko tamma. Akwai kuma PRINCE2, hanyar gudanar da aiki mai tata takardar shaida, wadda gwamnatin Birtaniya ta fitar a 1996. Ga mai son digiri na gaba, ya fara tambaya a Jami'ar André Salifou da ke nan gida kafin ya yi tunanin Yamai ko waje.

Ban ga amfanin tara takardun halartar taron bita da mutum ya je don kuɗin zama ba. Kafin ka karɓi gayyatar horo, ka faɗa wa kanka abu ɗaya da za ka sauya a aikinka in ka dawo, in kuwa ba ka samu ba, ka tura wanda horon zai amfana. A shekara ka zaɓi fanni ɗaya da ka fi rauni, ko saye ne, ko bibiya, ko kwangila, ka nemi a sa ka cikin aikin da zai tilasta maka koyonsa.

Duk aikin da ka gama, ka karɓi takardar shaida daga wanda ya ɗauke ka tun bai bar kujerarsa ba. Ka rubuta a fayil guda sunan aikin, watan farawa da na gamawa, yawan kuɗinsa, mutum nawa ka jagoranta, abin da aka samar, da wanda zai iya tabbatar da hakan. Waɗannan bayanai su ne ake tambaya a takardar neman PMP, su ne kuma mai ɗaukar ma'aikata zai bi ya bincika.